Maganar toshe shafukan batsa: ina aka kwana?

Abban Hanifa, Ƙofar Marusa
Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan wani abu na cina a rai, kuma ba maganar da za a yi a majalisar ƙofar gida ba ce. Daren Talata wajen ƙarfe 2 na fito zan kama ruwa, ba wuta, gari ya yi tsit, sai na hangi haske ta labulen ɗakin yara. Na leƙa. Yarona na biyu ne, shekararshi 13, ya ƙudundune cikin gidan sauro da wayar uwarshi. Yana jin motsina ya cusa ta ƙarƙashin filo ya rufe ido. Na ɗauko wayar da zafinta. Abin da na gani ba zai rubutu ba. Yaron nan izu 12 gare shi, sallar asuba ba a tashinshi sau biyu. Ban taɓa shi ba, ban ce mashi uffan ba, na koma ɗaki na zauna bakin gado har aka kira assalatu.

Tambayata ita ce: a watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta umarci Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta toshe duk shafukan batsa. Wanda ya kawo maganar ɗan jiharmu ta Katsina ne, Dalhatu Tafoki mai wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Muka yi ta sa mashi albarka. To ina aka kwana? Saudiyya tun da intanet ta shiga ƙasarta take tace irin waɗannan shafuka. Mu me ya hana mu? Wanda zai ce mani 'yancin faɗin albarkacin baki, ya fara nuna mani albarkacin da ke cikin abin da ɗana ya kalla.

Malam Lawal, Rafin Daɗi
Wa alaikumus salam. Allah shi shirya mana zuri'a, shi sanyaya maka zuciya. Ba kai kaɗai ba ne, iyaye biyu sun zo mani da irin wannan kuka a cikin watan nan. Suratun Nur aya ta 19 ta yi alƙawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. Gusar da mummuna da hannu kuwa aikin hukuma ne, mu namu harshe. A toshe. Maganin kar a yi, kar a soma.

Sanusi mai caji, Ƙofar Ƙaura
Yaya Abban Hanifa, Allah shi kyauta. Don Allah ina ka tarar da abin cikin wayar? Shafi ya buɗe, ko turo mashi aka yi?

Abban Hanifa
WhatsApp ne. Zauren 'yan ajinsu, hoton ƙwallo suka sa a kai. Wani yaro guda ne ke turowa, sauran na sa alamar dariya.

Sanusi mai caji
To ka ji abin da nike tsoro. Shekara 11 ina wannan sana'a, caji da turi da ɗan gyara. Wayoyi sun kai 60 da ke kwana a shagona wani lokaci. Ina rantse maku, a cikin yaran da ke zuwa wurina, wanda zai zauna ya rubuta adireshin shafin batsa bai kai ɗaya cikin goma ba, don data tsada gare ta. Yaro ɗaya mai ɗan hali ke saukewa, sauran su karɓa ta Xender, manhajar turi daga waya zuwa waya, a bayan aji, ba data ba sabis, minti ɗaya an gama. Wasu a memori suke yawo da shi cikin aljihun wando. Wasu Telegram. Shi kuwa X, wanda muka sani da Twitter, tun 2024 ya rubuta cikin dokokinshi cewa ya yarda a sa bidiyon tsiraici in manya ne suka yi da yardarsu. Za a rufe WhatsApp da Telegram da X ne gaba ɗaya?

Sannan ga abin da ba a so a faɗa: akwai masu turi 'yan'uwana da ke da wata jaka ɓoye a kwamfuta, yaro zai miƙa naira 200 ya ce a sa mashi "na manya". Ni na kori yaron shagona a kan haka, na goge kwamfutar tas a gabanshi. Wannan ba a Amurka ake yi ba, a bakin titinmu ne. In aka toshe shafukan da ke waje aka bar wannan, an bar jaki ana dukan taiki.

Malam Lawal
Sanusi, don ɓarawo na iya haura katanga ba a fasa sa ƙyaure. Shi yaron farko da ka ce yana saukewa, daga ina yake saukowa?

Sanusi mai caji
Gaskiya ne, Allah shi gafarta Malam. Zai rage, ban musa ba. Amma shi wannan yaron farkon ya san VPN, manhajar da ke sa waya ta zama kamar tana wata ƙasa. Kyauta ce. Kuma in tuna maku lokacin da yaranmu suka koye ta: Yunin 2021, da aka rufe Twitter. Kafin nan ko sunanta ba a sani ba a layinmu. A sati biyu na sa ma mutane sun fi 100, har da dattawa masu bin labaran siyasa.

Barista, Layout
Sannunku. Abban Hanifa, Allah shi ba ka haƙuri da hikimar tunkarar yaron. Bari in warware wasu abubuwa.

Abin da Majalisa ta yi a Maris na 2025 matsaya ce, ba doka ba. Matsaya shawara ce mai nauyi, ba ta da haƙoran cizo. Shi ya sa ka ji shiru.

Kuma ba wani lauyan kirki da zai ce maka tsarin mulki ya kare batsa. Sashe na 39 ya ba da 'yancin bayyana ra'ayi, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a da lafiyarsu. Ƙofar a buɗe take.

Dokar ma akwai ta. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, ta haramta tura batsa ta waya ko kwamfuta, hukuncin ya kai ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Sashe na 23 ya fi tsanani a kan abin da ya shafi ƙananan yara. Da aka gyara dokar a 2024 ma ba a cire batsa ba. To sama da shekara goma ke nan. Ku faɗa mani masu yaɗa batsa nawa kuka ji an gurfanar da wannan sashe? Amma 'yan jaridar da aka tuhuma da dokar sun haura 20. Sashe ɗaya, harshe biyu: wanda ke kare yaranmu ya yi tsatsa, wanda ke kare manya kullum a wase yake. Wannan ne tsorona, ba wai ina tausayin masu shafukan ba.

Abban Hanifa
Barista, wannan laifin masu aiwatarwa ne, ba na toshewa ba.

Barista
Su ɗin dai za ka miƙa ma makullin. Kuma don hukuma ta iya toshe dubban shafuka dole a girka na'urar tacewa a kamfanonin waya, a ba wani ofis ikon ƙara suna cikin jerin. Na'urar ba ta san batsa ba, jeri kawai ta sani. Yau a rubuta shafin banza, gobe a rubuta jaridar da ta tona kwangila. Wa zai duba jerin? A wace kotu za ka kai ƙara in an sa naka bisa zalunci? Ku tuna Nuwambar 2022: a Kano kotu ta sa aka yi ma samari biyu bulala 20-20, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda bidiyon TikTok da suka yi a kan gwamna. A watan ne kuma aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai Abuja saboda rubutu ɗaya a kan uwargidan shugaban ƙasa, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. A wancan watan kuwa TikTok cike yake da rawar banza. Kun ga inda saurin hukuma yake.

Bishir, Batsari
Ni ban iya doka ba, amma na san yadda rufewa take a jiki. Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da tamu, da Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Funtuwa. Aka ce don maganin ɓarayin daji ne. Wallahi mun yi na'am, don mun gaji da binne mutane. Muka shafe watanni. Sai ka hau mota zuwa Katsina don ka kira ɗan'uwanka na Legas ya turo maka kuɗin abinci. Masu POS suka tashi. In an shigo ƙauye da dare ba ka da hanyar sanar da na gaba su gudu. Matar ƙanena naƙuda ta kama ta tsakar dare, ba a iya kiran mai mota ba, a kan mashin aka ɗauko ta, ana riƙe da ita ta baya. Allah ya raya ta, abin cikin bai zo da rai ba. Su kuwa mutanen dajin da ke kusa da iyaka, layin Nijar suka koma kamawa.

Ban ce kar a toshe batsa ba, Allah shi tsine ma batsa. Amma duk sanda na ji an ce "a rufe" gabana faɗuwa yake, don na ga mai laifi na samun hanya, talaka ne ke zama cikin duhu.

Malam Lawal
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah shi sa mai ceto ne. Amma Bishir, katse waya gaba ɗaya daban, toshe shafin alfasha daban. Na farko ya hana halal da haram tare, na biyu haram kaɗai zai hana. Kar tsoron zaluncin shugabanni ya sa mu bar wajibin da ke kansu. A matsa masu su yi daidai, ba a ce su bari ba.

Alhaji Ɗan Daura
Ina bin ku tun ɗazu. Barista, kana ta maganar gwamnati kamar ita kaɗai ke toshe baki. Me ya jawo rufe Twitter? Kamfani ne yana zaune a Amurka ya goge saƙon shugaban ƙasa mai ci a lokacin, Baba Buhari, Allah shi jiƙanshi. Wa ya zaɓe su? Su ne yau za ka rubuta magana a kan Falasɗinu su sauke ta ko su danne shafinka. Ƙungiyar Human Rights Watch a Disambar 2023 ta tattara misalai sama da 1,000 na irin haka a Facebook da Instagram. Amma mace ta fito tsirara ka kai ƙara, su ce bai saɓa ƙa'idarsu ba. To tacewa dai ana yin ta, sai dai da ma'aunin wasu. In dole sai an tace, gara da namu ma'aunin.

Barista
Ranka shi daɗe, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Kamfanonin nan ba alƙalan adalci ba ne, kuma masu duba rubutun Hausa a wurinsu ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa zagi da batsa da harshenmu ke wucewa salin alin. Amma dubi maganin da aka yi: an goge saƙon mutum ɗaya, aka rufe bakin miliyoyi daga 5 ga Yunin 2021 har 13 ga Janairun 2022. Kotun ECOWAS a Yulin 2022 ta ce rufewar ta saɓa doka. Kuma ba yau aka fara ba. Doka ta 4 ta 1984, zamanin mulkin sojan Buhari, ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian. A 2019 an kai ƙudurin takura kafafen sada zumunta Majalisar Dattawa, tare da wani na kalaman ƙiyayya da ya zo da hukuncin rataya, jama'a suka yi ca har aka ajiye su. "Namu ma'aunin" da kake faɗa, a hannun wa zai kasance? Na Malam Lawal ko na mai neman tazarce?

Alhaji Ɗan Daura
Ban yarda da kai a kan Baba ba, kuma ba yau zan yarda ba. Amma tambayarka ta ƙarshe ta shige ni.

Mustafa, ɗalibi a Ingila
Iyayena, a yi mani afuwa in sa baki. Nan inda nike, tun 25 ga Yulin 2025 doka ta tilasta ma shafukan batsa su tabbatar mai shiga ya kai 18, ta katin banki ko katin shaida ko ɗaukar hoton fuska. Kamfanin da ya ƙi, tarar za ta iya kai fam miliyan 18 ko kashi 10 na kuɗin shigarshi. A satin farko manhajojin VPN suka hau saman jerin abin da aka fi saukewa. Duk da haka abin da ya burge ni shi ne kamfanin aka ɗora ma nauyi, kuma akwai kotun da zai je in bai yarda ba. Ostareliya ma ta hana 'yan ƙasa da 16 buɗe shafin sada zumunta daga Disambar 2025. Ke nan ba mu kaɗai abin ya dama ba, har waɗanda suka ƙirƙiro shi.

Hajiya Maman Ummi, Sabuwar Unguwa
Na bari ku gama ne, maza. Tun safe kuna maganar Turawan da ke cikin bidiyo, ba wanda ya tuna da ɗiyanmu da ke ciki.

Akwai yarinya a danginmu, shekararta 17. Saurayi ya lallaɓe ta da maganar aure har ta tura mashi hoto. Kuskure ta yi, babba, ba na wanke ta. Da aka ba wani ita, sai ya saki hoton. Cikin kwana biyu ya zagaye unguwa. Na je gidan na tarar da ita a ƙuryar ɗaki bayan ƙofa, ta naɗe cikin hijabi, kwanon abincin jiya na gefe ba ta taɓa ba, uwar na zaune tsakar gida ta kasa ɗaga kai ta amsa gaisuwata. Aure ya fasu. Makaranta ta gagara. Shi kuwa yaron har gobe yana zaune a majalisarsu yana shan shayi. Kuma waɗanda suka yaɗa hoton ba arna ba ne, mutanenmu ne, kowa ya tura ya rubuta "innalillahi, duniya ta lalace" a ƙasa. Da iyayen suka nemi a bi masu haƙƙi, inda suka je aka fara da tambayar me ya kai ta, suka dawo da kunyar da ta fi wadda suka tafi da ita.

Wace NCC ce za ta toshe wannan? Na girma na ga abin da ya faru a Kano a 2007, da bidiyon wata 'yar fim ya fita. Waya zuwa waya ya yaɗu, amma sana'ar fim aka dakatar wata shida, aka ƙona littattafai a wannan shekarar, ita yarinyar ta ɓuya, masu turawa ba wanda ya taɓa su. A Yuganda ma da suka yi dokar hana batsa a 2014, mata aka riƙa tarewa a titi ana yaga masu tufafi, har kotu ta soke ta a 2021. In za a yi doka, a fara da mai saki da mai turawa.

Alhaji Ɗan Daura
Hajiya, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hajiya Maman Ummi
Alhaji, daddawar ta karɓi hukuncinta har ya yi mata yawa. Ɓeran nike tambaya.

Malam Lawal
Hajiya ta yi gaskiya, kuma wannan gefen ni ma ban ba shi haƙƙinshi ba a karatu. Ayar da na kawo da farko, a kan masu yaɗa magana ta sauka, lokacin ƙazafin da aka yi ma Nana A'isha. Mai tura hoton yarinyar nan yana cikinta tsundum, ko da salati ya haɗa. Wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi. Zan ƙara da wani abu, tunda yanzu muna da Hisba a jiha: Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane. Abin da ya fito fili a hana shi, amma tare saurayi a hanya a ce buɗe wayarka, wannan ba shi cikin koyarwa. Duk da haka ina nan kan bakana, shafukan nan a toshe su.

Barista
In za a rubuta doka ƙarara, a fayyace mece ce batsa yadda bayanin likita ko karatun fiƙihun wanka da haila ba zai faɗa ciki ba, alƙali ya sa hannu kafin a toshe, a wallafa jerin kowa ya gani, to ni ma zan sa hannu, Malam. Hajiya, wanda ya saki hoton nan ya taka sashe na 24, kuma tunda ba ta kai 18 ba maganar ta fi haka nauyi, har waɗanda suka ajiye shi a waya. In iyayen na so, a haɗa ni da su, ba sai sun biya ba, kuma akwai hanyar da za a nemi kotu ta sakaya sunanta.

Hajiya Maman Ummi
Zan je gidan gobe in sha Allahu. Uwar ce mai wuyar shawo kai, tsoron ƙarin tonon asiri take.

Abban Hanifa
Na karanta duka, wasu sau biyu. Har yanzu ina son a toshe, da sharuɗɗan Barista. Amma maganar Sanusi ta hana ni sukuni, don ko an toshe tun bara, abin da ya shigo wayar matata da ya shigo. Kuma gaskiya ni na saya mata wayar, ni ke sa data, ban taɓa tambayar inda take kwana ba. Yaron tun ranar bai yarda mun haɗa ido ba. Shi kuma wanda ke turowa, na san ubanshi, sahu ɗaya muke sallah. In je in same shi ko in bi ta makaranta?

Malam Lawal
Ka same shi kai kaɗai, bayan isha'i, ba a gaban kowa ba. Ka fara da naka ɗan kafin ka ambaci nashi. Makaranta za su kore shi ne, ya koma wani wuri da halinshi.

Hajiya Maman Ummi
Kuma kar ka tara 'yan'uwanshi a kanshi. Shekara 13 jikinshi ya fara sauyawa, ba wanda ya yi mashi bayani, shi ya sa abokai suka riga ka. Ka gaya mashi abin da ke faruwa da shi da bakinka. Wayar kuma ta riƙa kwana ɗakinku.

Sanusi mai caji
Yaya, ka kawo wayar gobe bayan azahar, kafin 'yan makaranta su cika shagon. Zan sa mata Family Link ta Google, ka riƙa ganin abin da aka sauke, ta kuma kulle kanta da dare. Zan kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp, in cire Xender. Ba za ta hana komai da komai ba, amma za ta rage. Kar ka goge zauren tukuna, sai uban wancan yaron ya gani da idonshi.

Abban Hanifa
Na gode, Allah shi bar zumunci. Ga shi nan ya dawo daga islamiyya, na ji ajiye allonshi a zaure. Bari in je in same shi tun ƙannenshi ba su shigo ba.